Haɗa Facebook, Instagram da WhatsApp a waya: wace hanya za ka zaɓa kafin ka kashe kuɗi?

Mai sayar da atamfa ko turaren wuta ta intanet, burinsa bai wuce ya ɗora hoto sau ɗaya ya fito a Instagram da Facebook ba, mai saye kuma ya danna maɓalli ya faɗo WhatsApp ɗinsa kai tsaye. Hanyoyi uku ake bi a yi wannan haɗi: Accounts Center, wato cibiyar asusu da ke cikin manhajojin kansu, da Meta Business Suite (Meta shi ne kamfanin da ya mallaki Facebook, Instagram da WhatsApp), da kuma manhajojin waje irin su Buffer da Hootsuite. Biyun farko kyauta ne, ta ukun takan ci dala. Kowace da inda take cijewa, kuma duk da sabis ake fara ɗora wa laifi, yawanci matsalar tana ga wanda ke riƙe da asusun da irin ikon da yake da shi a kansa.

Accounts Center ita ce mafi sauƙi, kuma ta wadatar da mutum ɗaya mai waya ɗaya. A Instagram ka shiga shafinka, ka taɓa layuka ukun nan na sama, za ka gan ta a farkon saituna, sai ka zaɓi ƙara asusu. Da zarar an haɗa, hoto ko sitori da ka sa a Instagram zai iya fita a Facebook, kuma kana iya shiga ɗayan da kalmar sirrin ɗayan. Tun 2025 ana iya saka WhatsApp ma a ciki, ga wanda ya ga dama.

Kuskuren da aka fi ci karo da shi a nan shi ne a ce maka asusun yana cikin wata cibiyar daban. Asusu ɗaya ba ya zama a Accounts Center biyu. Sai ka gano tsohon Facebook ɗin da aka taɓa haɗa shi da shi, ka cire shi daga can, sannan sabon haɗi zai karɓu. Na biyu kuwa ya fi ban haushi: Instagram yana ɗaukar duk Facebook ɗin da ya tarar a buɗe a wayar. In ƙanenka ya ari wayar ya shiga nasa bai fita ba, da nasa za a haɗa ka. Haka abin yake ga masu tagwayen manhaja, wato XClone a Infinix, App Twin a Tecno, ko Dual Messenger a Samsung: neman izinin yakan tafi ga manhajar asali, kai kuma asusun kasuwarka yana cikin kwafin. Ka karanta sunan da ya fito a allo kafin ka amince. Sannan ka sani, in ka kunna shiga da kalmar sirri ɗaya, duk wanda ya sace ɗayan ya samu ƙofar ɗayan.

Wanda ke da shafin kasuwanci, musamman in akwai yaran shago da ke amsa saƙo, Meta Business Suite ce tasa. Tana tara saƙonnin Messenger da na Instagram wuri guda, tana bari ka tsara hotunan mako guda kowane da ranarsa da lokacinsa, kuma ta nan ake ba ma'aikaci iko ba tare da an miƙa masa kalmar sirri ba. Sai dai tana da sharuɗɗa, kuma a kansu ne yawancin mutane ke tuntuɓe. Dole Instagram ɗin ya zama asusun sana'a, na kasuwanci ko na mai ƙirƙira. Dole a Facebook ya kasance shafi ne, ba asusunka na kanka mai abokai ba. Instagram ɗaya shafi ɗaya yake ɗauka, shafi ma haka. Kuma wanda zai yi haɗin sai yana da cikakken iko a kan shafin. Wanda aka ba damar yin rubutu da amsa saƙo kawai, ko dai ba zai ga shafin a jerin zaɓi ba, ko ya gan shi haɗin ya ƙi.

Akwai wata matsalar da ta fi duk waɗannan cin rai. Da yawa wani ne ya buɗe musu shafin, ko ya taɓa yi musu talla, ya saka shafin ko Instagram ɗin a cikin jakar kasuwancinsa, abin da a da ake kira Business Manager. Daga ranar, a wurin Meta shi ne mai kaya. Duk yadda ka goge manhaja ka sake saukewa, saƙon da za ka riƙa gani shi ne asusun mallakar wata kasuwa ce. Mafita ita ce mutumin ya sake shi daga jakarsa, ko ya ba ka cikakken iko a cikinta. Saboda haka kafin ka biya kowa kuɗin buɗe shafi ko na talla, ku yi magana a kan wannan tun da fari: jakar da sunanka da imel ɗinka za a buɗe, shi a gayyace shi a matsayin mai taimako.

Haɗa WhatsApp Business da shafi bai da wuya, ana yi daga saitunan shafin ko daga kayan kasuwanci na cikin WhatsApp ɗin. Abu biyu ke ɓata shi. Na farko rubuta lamba: in ka zaɓi +234 sai ka jefar da sifilin farko, mutanen Nijar kuma +227 ne da lambobi takwas. Na biyu, lambar tabbatarwa cikin WhatsApp take zuwa, mutum kuma yana can yana jiran tes. Masu GB WhatsApp da ire-irensa su koma na asali tukuna, don kamfanin bai yarda da su ba kuma yana rufe lambobin da ya kama.

Aibin Business Suite nauyi. Waya mai RAM 2GB, irin masu Android Go, tana wahala da ita, kuma Facebook Lite ba ya nuna duk saitunan shafi. Ba sai ka canza waya saboda wannan ba. Ka buɗe business.facebook.com a Chrome, ko ka ari kwamfuta ka yi haɗin sau ɗaya, sauran aikin yau da kullum ƙaramar wayar za ta iya. Wani abin da ake ɗauka lalacewa ce alhali ba ita ba ce: bidiyon Reels mai waƙar da ke da haƙƙin mallaka yakan ƙi tsallakawa Facebook, ko ya tsallaka babu sauti. Haɗin lafiya lau yake, waƙar za ka canza.

Manhajojin waje ba su da amfani sai in harkarka ta wuce gidan Meta, kana son TikTok ko X ko LinkedIn su bi sahu. Buffer tana da tsarin kyauta na asusu uku, kowane da rubutu goma a layin jira. Hootsuite ta daina na kyauta a 2023, kuma farashinta na kamfanoni ne. Biyan da dala ake yi, don haka ka tabbatar katinka yana biyan waje kafin ka saba da ita. Waɗannan manhajoji da izini na wucin gadi suke aiki, na Facebook kan yi kusan kwana 60, kuma yana mutuwa nan take in ka canza kalmar sirri. Shi ya sa za ka wayi gari ka ga an ce haɗi ya yanke, sai ka sabunta. Wajen sabuntawar kada ka cire alamar kowane shafi ko izini da aka jero, don wanda ka cire shi ne zai ɓace. Dokar ma tana iya sauyawa daga sama: da X ya rufe ƙofarsa ta kyauta ga manhajojin waje a 2023, da yawa sun daina aiki da shi. Duk manhajar da ta ce ka rubuta mata kalmar sirrinka a cikinta, musamman masu alkawarin ƙara mabiya, ka guje ta. Ta gaskiya shafin Facebook ko Instagram na ainihi take buɗe maka. Shi kuwa haɗin Instagram da ke cikin TikTok alama ce kawai a shafinka, ba ya kai bidiyo ko'ina.

Kowace ka zaɓa, za a iya neman lambar tsaro, wato wadda ake sawa bayan kalmar sirri, kuma nan ma akwai zaɓi. Ta tes ta fi sauƙi, amma tana rataye da layinka: in an rufe shi saboda NIN, ko ya daɗe ba a amfani da shi har kamfani ya sayar wa wani, lambar ta tafi tare da shi. Manhajar Google Authenticator ba ta buƙatar sabis, tana ba da lambobi shida da ke canzawa duk daƙiƙa 30, amma in agogon wayar ya kauce ko da kaɗan sai a yi ta ce maka lambar ba daidai ba ce. Ka mayar da kwanan wata da lokaci su riƙa saita kansu. In kuma an ce ka dakata ka sake gwadawa, to ka dakata ɗin, don yawan dannawa na iya tsawaita takunkumin. Lambobin ko-ta-kwana da ake bayarwa ranar kunna tsaron, a rubuta su a takarda a ajiye a gida, kada a bar su a hoton allo cikin wayar da za a iya sacewa.