Fatsa a kogunan duwatsun Bosniya, abin da ofishin ya yi daidai da inda ya kwafsa

Duk wanda yake zaune a Jidda ko Makka ya san yadda ofisoshin tafiye-tafiye ke cika mana waya da talla da zarar zafi ya kankama, wannan Tarabzon wannan Jojiya wancan Bosniya. Wanda muka bi mu ba na yawon kasuwa da ɗaukar hoto bane, shiri ne na kamun kifi a kogunan duwatsu, a rukuni tare da jagora, su ɗauke ku daga filin jirgin Sarayebo su ba ku masauki da kayan aiki su kuma yanko muku lasisin kowane kogi. Ra'ayina tun daga farko shine abin ya ci kuɗinsa, amma fa sai in mutane ba su yi wa jagora yawa ba, in suka yi yawa to kallon ruwa kawai ka biya.

Mu nan Saudiyya ko kogi ɗaya mai gudu duk shekara babu, sai wadi da ke cika in an yi ruwa ya ƙafe bayan kwana biyu. Fatsar da muka saba ita ce ta Ubhur ko bakin Kurnish, ka soka jatan lande a ƙugiya ka ɗaura darma ka wurga ka zauna da fulas ɗin shayi kana jiran kifin shu'ur ko hamur, in bai zo ba ka biya ta kasuwar kifi ta Bangala ka saya. Wannan ta can daban ce gaba ɗaya. Babu koto babu darma. Ƙugiya ce 'yar mitsitsiya da aka naɗe da gashin tsuntsu da zare har ta koma kamannin ƙwaron ruwa, ba ta da nauyin da za a wurga ta, igiyar ce mai kauri da nauyi, ita kake kaɗawa gaba da baya a iska da sanda mai wajen ƙafa 9 har ta miƙe ta sauke ƙwaron a hankali kan ruwa. A bakin igiyar kuma akwai wani siririn zare da ido da ƙyar yake gani, jagoran ya ce na milimita 0.10 zuwa 0.12 ake sawa a wannan ruwan saboda kifin yana ganin komai.

Nan ne zan yaba wa jagoran ba ƙarya, mutumin ya san aikinsa. Ranar farko kafin ma ya bari mu taɓa sanda sai ya sa hannu cikin ruwa ya ɗago dutse ya juya mana cikinsa, ga wasu 'yan ƙwari baƙaƙe suna rarrafe, wasu sun gina wa kansu gida da tsakuwa sun shige, sannan ya buɗe akwatinsa ya zaro na ƙarya ya ajiye kusa da na gaske a tafin hannunsa, wallahi sai ka kura ido kafin ka bambance. Ya nuna mana cewa kifi kullum kansa na fuskantar inda ruwa ke tahowa, don haka ta baya ake lallaɓo masa, kuma babban abin ba nisan wurgi bane, shine ƙwaron ya taho da saurin ruwa daidai, in igiya ta ja shi ko kaɗan ya yi wata 'yar tsaga a saman ruwa kifin zai taso ya duba ya juya abinsa. Na ga wannan da idona sau ba adadi, abin haushi abin dariya.

Koguna biyu muka fi zama a kai, Ribnik da Pliva. Ribnik gajere ne, 'yan kilomitoci kawai daga inda ya ɓulɓulo daga ƙarƙashin dutse zuwa inda ya faɗa cikin kogin Sana, mai faɗi ne ba zurfi sosai, ya fi wa ɗan koyo sauƙi. Pliva ta wajen garin Shipovo ya fi ƙarfi kuma ya fi wahala, ruwan garau har tsakuwar ƙasa kana lissafawa, kuma a wannan yankin ne aka yi gasar duniya ta irin wannan fatsar a 2015, kenan kifin wurin ya ga gwanaye balle mu. Kifi iri biyu ne, tirawut mai ɗige-ɗigen ja da baƙi, da wanda 'yan can ke ce wa lipljen mai wata doguwar ƙaya a gadon baya da yake buɗewa in an ɗago shi, ga launi ja-ja da shuɗi a jikinta.

To yanzu inda aka kwafsa. A tallar babu inda aka rubuta cewa kifin ba a ci. Doka ce a waɗannan wuraren, ka kama ka sake, ƙugiyar ma ba ta da ƙayar nan da ke hana ta fita, sai ka jiƙa hannu kafin ka taɓa shi kada ka goge masa santsin jiki, a yi hoto da sauri a mayar. Akwai wani dattijonmu daga Shara Mansur da ya taho da yaji da shinkafa da niyyar a yi sayadiyya, wato shinkafa da kifi, a bakin kogi, da ya samu nasa na farko jagoran ya cire ƙugiya ya saki kifin, sai Baba Alhaji ya juyo ya kalle ni ya ce "ɗana, tambayar min shi, jirgi muka hau muka zo gaishe da kifi ne?" Na ce Baba a yi haƙuri dokar wurin ce, ya ce to Allah ya kyauta. Ni dokar ban ga laifinta ba, kogi ƙarami irin Ribnik in kowa ya tafi da abin da ya kama ai da tuni ya zama fayau, laifin na ofishin ne da ya san da Hausawa yake magana, mutanen da in an ce kamun kifi to Argungu ce ke zuwa musu a rai da giwan ruwa a kafaɗa, amma ya yi shiru.

Na biyu kuma shi ya fi ci min rai. An ce mana za a raba mu ƙananan rukunai kowanne da jagoransa, da muka isa sai ga jagora ɗaya da wani yaro direba wanda ba ruwansa da kifi. Irin wannan fatsar ɗan koyo kowane minti yana cikin matsala, zare ya harɗe, ƙugiya ta maƙale a reshen bishiya ta baya, ƙwaro ya jiƙe ya nutse, kuma ba a tsayawa kusa da juna dole a warwatsu, sai ka ga bawan Allah yana ta zarya cikin ruwa daga wannan zuwa wancan kai kuma kana tsaye riƙe da zaren da ya ƙulle ba ka iya kwancewa. Wanda yake kusa da shi ya kama, na nesa ya sha sanyi. Da muka yi magana da ofishin a waya sai aka fara mana "malish, jagora na biyu ya samu uzuri", har muka dawo uzurin bai ƙare ba kuma ko riyal ba a rage mana ba.

Wandon robar shiga ruwa ma ba su tambayi lambar ƙafar kowa ba kafin mu taso, wani ya samu takalmi ya matse shi, nawa kuma yana yoyo ta gwiwa, ruwan nan daga cikin dutse yake fitowa ko a tsakiyar bazararsu sanyinsa na kama ƙashi. Ku taho da safa mai kauri da gilashin nan mai kashe ƙyallin ruwa, da shi ake hango kifin kuma yana kare ido daga ƙugiyar wanda ke kusa da kai.

Maganar abinci da sallah sun yi ƙoƙari, a nan ba zan zalunce su ba. Ribnik da Shipovo yankin Sabiyawa Kiristoci ne galibi, ba kowane gidan abinci za ka shiga ka ci nama ba, sai suka riƙa sayo mana nama daga garuruwan Musulmi na kusa, a hanya ma an tsaya Travnik mun ci cebabi, gasasshen niƙaƙƙen namansu, da burodi da albasa, abin ba a magana. Sallah muna haɗawa da ƙasaru don cire wandon robar nan aiki ne. Abin da za ku sani kawai rana tana da tsawo a watan Yuni, magariba sai bayan ƙarfe 8, kuma daidai wannan lokacin ne ƙwari ke tashi kifi ya haukace a saman ruwa, jagoran ba ya son a fita mu kuma muna duba agogo, daga baya dai ya gane ya riƙa kai mu inda akwai ciyawa a gefe.

Ya kuma ja mana kunne sosai kada kowa ya kutsa daji ko tsohon kango, har yanzu akwai wuraren da nakiyoyin yaƙin 1992 zuwa 1995 ke binne, inda aka sani an kafa jan allo, ku bi hanyar da ya bi kawai. Ranar hutu an kai mu garin Yaitse mun ga inda Pliva ke rikitowa cikin kogin Vrbas a tsakiyar gari, yana da kyau, awa biyu ta isa.

Masu fasfon Najeriya ko Nijar sai da biza, ku fara nema da wuri kuma ku duba iƙama da bizar fita da dawowa kada su ƙare kuna can. Kafin ku tura arabun, wato kuɗin kafin alƙalami, ku sa a rubuta muku mutum nawa ne kan kowane jagora, in ya wuce biyu ko uku ga 'yan koyo ku nemi wani ofishin, ku tambaya ko kuɗin lasisi na ciki don kowane kogi da nasa kuma na kullum ne, sannan ku riƙe 'yan marka, kuɗin ƙasar, ko yuro a aljihu saboda ihsanin jagora ba ya cikin lissafin da suke turowa.