Ma'aunin mai a tankin jirgin sama: mai yawo ko na sanda?

Ma'auni mai yawo a kan mai yana da arha, amma fukafukin jirgi, inda tankin yake, yakan ɗan ɗaga sama wajen ƙarshensa, shi ya sa abin yawon, da ke gefen da ya fi ƙasa, ke taɓa rufin tanki tun kafin tanki ya cika. Daga nan komai ka zuba, allon da ke nuna yawan mai ba zai motsa ba. Gogar da ke cikin ma'aunin, wato ɗan ƙarfen da ke gugar waya don aika karatu, kuma tana cinyewa, sai allura ta riƙa tsalle.

Na sanda, mai aiki da kafasitans (yawan cajin lantarki da sandar ke iya riƙewa, wanda ke ƙaruwa idan mai ya hau jikinta), ba abin da ke motsi a jikinsa. Matsalarsa ruwa ce: ƙimar dayilektirik (yadda abu ke ƙara wannan riƙe caji) ta man jirgi kusan 2 ce, ta ruwa kusan 80. Ɗan ruwa a gindin tanki ya isa ya nuna man da babu shi. Man mota mai etanol ma yana ɓata karatun, dole a sake saiti.

Saitin ma'aunan biyu iri ɗaya ne. A daidaita jirgi yadda yake zama a sama, a zuke mai har ya rage wanda inji ba ya iya sha, nan ne sifili. Sai a riƙa zuba lita 5, a jira ya kwanta, a adana karatun.

A tanki mai tsawo, na sanda na fi yarda da shi, muddin ana tsiyaye ruwa kafin kowane tashi.