Ƙaura daga WhatsApp zuwa Telegram da tarihin hirar shagonmu

Mu goma sha huɗu ne a shagonmu na haɗa sola a Kano, kuma tun 2019 duk aikinmu a zaure ɗaya na WhatsApp yake tafiya: farashin batir, hoton rasit, kwatancen gidan da za a je, da saƙon muryar Oga idan ransa ya ɓaci. Ranar da kwastoma ya zo ya ce inbatarsa ta mutu alhali garanti bai ƙare ba, can ake komawa a tono ranar da aka ɗaura ta. Sai dai yaran da muka ɗauka daga baya ba sa ganin abin da aka yi shekarun baya, ga wayoyinmu duk sun cika maƙil da hotuna. Shi ya sa aka ce a koma Telegram, kuma da yake ni ne "ɗan kwamfuta" a shagon, kayan ya faɗo kaina.

Tun a watan Janairun 2021 Telegram ya fito da hanyar kwaso hira daga WhatsApp, Line da KakaoTalk, lokacin da jama'a ke ta tururuwa zuwa can saboda ce-ce-ku-ce kan sabbin sharuɗɗan sirri na WhatsApp. Aikin kansa ba wuya. A wayar Android, ka buɗe zauren, ka taɓa ɗigo ukun nan na sama, ka shiga "More" sannan "Export chat", a tambaye ka da hotuna ko ba hotuna, sai ka zaɓi Telegram da zauren da kake so a zuba. Dole ka zama admin a can. Shi ke nan.

Abin da ya kamata in fara lura da shi shi ne iyaka. Idan ka haɗa da hotuna da muryoyi, saƙonni 10,000 na ƙarshe kawai za su fita. Idan rubutu zalla ne, 40,000. Da farko na raina lissafin, na ce ina mu ina saƙo dubu goma? Ashe "Salam", "to", "na iso", "Allah ya kiyaye hanya" duk ƙirga su ake yi, kuma zauren da ake gaisuwar Juma'a da barka da shan ruwa ba ya daɗewa yake cinye dubu goma. Kwason farko bai kai ni ko'ina ba, rasitan farkon buɗe shago duk suna baya. Dabarar da na yi daga bisani ita ce zaure biyu: ɗaya na aikin yau da kullum mai hotuna, ɗaya kuma muka sa masa suna Rumbu, na zuba rubutu zalla a ciki don bincike kaɗai.

Sai kuma abin kunyar da na jawo wa kaina. Fayil ɗin da ake fitarwa yana ɗaukar sunan kowa ne yadda mai wayar ya adana shi. Ni kuwa ina da halin laƙaba wa mutane suna. Abokin aikina da ba ya zuwa kafin ƙarfe goma yana wayata a matsayin Sarkin Latti, shi kuma mai gidan namu, saboda yadda yake amsa maganar kuɗin mota, na sa masa Oga Sai Gobe. Haka dubban saƙonni suka sauka a gaban kowa da waɗannan sunaye a kansu. Ko minti goma ba a yi ba wayata ta yi ƙara.

"Malam, wane ne Oga Sai Gobe?"

"Ranka ya daɗe, ai kuskuren na'ura ne."

"To, na'urar ta zo ofis ta same ni."

Sai da na rushe zauren, na gyara sunaye a wayata, na sake kwasowa daga farko, na ƙona data sau biyu. Duk wanda zai yi wannan aiki ya fara gwadawa a zauren da ba kowa sai shi, ya kuma nemi Wi-Fi.

Abin da ya iso lafiya ya burge ni. Kowane saƙo ya zo da ainihin ranarsa da lokacinsa, da alamar cewa kwaso shi aka yi daga wani wuri. Muryoyi suna kunnuwa, takardun PDF suna buɗewa. Da na kunna damar sabbin shiga su ga tsohuwar hira, yaron da ya fara aiki watan jiya ya nemo farashin da muka ba wani masallaci bara ba tare da ya tambayi kowa ba. Kuma tunda kayan suna ajiye a ma'ajiyar Telegram ta intanet ne, na share tarin hotuna daga wayata ta samu ta numfasa.

Akwai abin da ba ya biyo ka. Hoton da ka riga ka goge daga wayarka, ko wanda ba ka taɓa saukewa ba, ba zai tafi ba, don haka a yi aikin da wayar wanda ya fi daɗewa a zauren kuma ba ya yawan share-share. Amsar da aka liƙa wa wani saƙo ta rabu da shi, sai ka ga "eh, a ba shi" tsirara ba ka san wa za a ba ko me ba. A harkar kuɗi wannan ba ƙaramin abu ba ne, ya sa har yanzu ban yarda a goge tsohon zauren ba.

Sannan a sani, zaurukan Telegram ba su da kullen nan na daga-waya-zuwa-waya, mai hana kowa karanta saƙo sai waɗanda ke cikin hirar, da WhatsApp ya shimfiɗa wa duk hirarraki tun 2016. Saboda haka muka yanke cewa lambar asusun kwastoma da hoton katin shaidarsa ba za su shiga sabon zauren ba.

Wata uku ke nan da ƙaurar, kuma da za a sake ba ni zaɓi zan sake yi, musamman don Rumbu. Mutum goma sha uku sun saba. Oga ne kaɗai har gobe yake tura muryarsa a tsohon zaure, ni kuma in kwaso in kawo sabo.