Motar yawon Disamba ta Agege: ta ci kuɗinta, amma Malam ya rage zari

Masu ta tambayata a kan motar nan da ke kwasar mata da yara daga Agege zuwa yawon Ailan, wato ɓangaren su Victoria Island da Lekki, lokacin hutun Disamba, toh ga amsa guda ɗaya in huta da maimaici. A taƙaice dai ku biya ku je. Amma dan Allah ku karanta har ƙasa tukunna, dan akwai abubuwan da in ba ku san su ba za ku dawo kuna jin haushin wadda ta ba ku shawara.

Ga wadda ba ta san tsarin ba, wani bawan Allah ne ɗan nan unguwarmu, malamin islamiyya, shi ke ɗauko hayar kosta mai esi da direbanta, ya sa rana, a rubuta suna a biya, kuɗin babba daban na yaro daban, kuma kuɗin ya haɗa da abinci da kuɗin shiga wuraren da za a je. Ba zan rubuta farashi ba saboda da kuɗin mai yake tafiya, tun da aka cire tallafi a 2023 ai ba wanda ke iya riƙe farashin mota wata biyu a jere. Abin da zan ce kawai, in kika lissafa kiran mota ta waya daga Agege zuwa Lekki ki dawo a cikin Disamba, ke da yara uku, nashi ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Dalilin da ya sa na ga abun ya dace da mu shi ne, mu Hausawan Legas Disamba ba hutu ba ne a gidajenmu, kakar kasuwa ce. Maigida in a Mile 12 yake, lokacin ne tumatir da tattasai da albasa ke tashi, in a abbatuwar Oko-Oba yake ko harkar shanu da awaki ba ki ganinsa sai dare ya raba, 'yan canji kuma waɗanda suka dawo daga Ingila da Amurka sun cika gari da dala da fam, masu suya kam ba a magana. Kowa na neman na shekara. Toh yara an ba su hutun boko, suna gani a waya ana ta Detty December, ana kiɗa a Eko Atlantic ana wasan wuta, su kuma iyakarsu bakin layi da shagon mai indomi. Akwai yaran da aka haifa a Agege sun kai shekara goma ba su taɓa ganin teku da idonsu ba, wlh ba ƙari, alhali a Ikko suke. Kuma yawancin shagulgulan nan ba namu ba ne, dare ake yi, ga giya ga shigar da ba za ki so ɗiyarki ta gani ba, ga tikiti mai ɗan karen tsada. Ko bikin da gwamnatin jiha ke yi kyauta a ƙarshen shekara, wanda aka faro da sunan One Lagos Fiesta a 2015 zamanin Ambode, har filin wasa na Agege ana kawo shi, amma wace ce za ta shiga wannan turmutsutsun da goyo da tsakar dare? Samari dai su je su dawo su ba mu labari. Wannan giɓin shi Malam ya hango, kuma ya kyauta.

Tashi an ce bakwai na safe a kusa da gadar Pen Cinema. Mota ta zo a kan lokaci, wannan na ba shi, mu mata ne muka ɓata lokaci, wata tana jiran kitso wata ta manta fidar jariri, shi kuma Malam kunya ta hana shi tafiya ya bar kowa, sai "Hajiya a yi haƙuri ga ta nan zuwa" yake ta yi. A wata ranar wannan ba komai ba ne, amma a Disamba rabin awa da safe shi ke zama awa biyu da rana. Motar kanta tsaf, kujeru ba yagewa, esi na aiki har wata dattijuwa ta ce a rage mata, direban wani Bayarabe ne dattijo, muna ce masa Baba, yana jin Hausa ƙwarai dan a Agege ya tashi, ba ya gudu ba ya zagi, ko da 'yan agbero, masu karɓar kuɗi a hannun direbobi, suka tare mu a Oshodi shi ya leƙa ya yi musu yarensu aka wuce ba hayaniya.

Wurin da yara suka fara ihu shi ne gadar Third Mainland. Malam ya miƙe ya riƙe ƙarfe yana musu bayani, tsawonta kilomita 11.8, zamanin Babangida aka buɗe ta a 1990, ga jami'ar Legas can ta hannun dama, ga gidajen Makoko a kan ruwa da kwale-kwalensu. Nan na gane amfanin tafiya da malamin makaranta, ya san yadda zai ja hankalin yaro, tambaya yake jefa musu wanda ya amsa ya ba shi alawa. Daga nan aka bi Ikoyi aka hau gadar nan mai igiyoyi da ke shiga Lekki, wadda aka buɗe a 2013, kowa ya ɗaga waya.

Zangon farko Lekki Conservation Centre, kuma ni a ganina da nan kaɗai aka je aka dawo ma kuɗi sun halatta. Daji ne na gaske a tsakiyar gidajen masu kuɗi, hekta 78, tun 1990 aka keɓe shi, an shimfiɗa hanyar katako a saman fadama kina tafiya bishiyoyi sun rufe ki, kin bar ƙarar janareto da hon sai kukan tsuntsaye. Birai kuma ga su nan birjik, ba sa tsoron mutum ko kaɗan, in yaro ya riƙe biskit ko leda mai ƙara sai dai ya ga an fizge, Malam ya gargaɗe mu tun a mota a zuba komai a jaka a zuge, waɗanda suka ji sun tsira waɗanda ba su ji ba sun yi sadaka. Sai gadar sama mai lilo, mita 401, wadda ake cewa ta fi kowace tsawo a Afirka. Ƙananan yara ba a barinsu hawa, kuma a nan tsarin Malam ya burge ni, ya zo da 'yan mata biyu manya daga islamiyyarsa da suka zauna da ƙananan a filin wasa na ciki inda tafkin kifi yake, iyaye suka samu suka hau. Shawara ga mai hawa, ki sa wando a ƙarƙashin abaya, ki ɗaure hijabi ko ki sa ƙarami, ki bar silifas mai santsi a gida, dan iska na kaɗawa gadar na rawa kuma in kin fara ba a juyowa sai kin kai ƙarshe. Wata maƙwabciyata tun daga hawa har sauka Hasbunallahu take ja, da ta sauko kuma ita ta fi kowa cika baki.

Salla ita ce abin da na fi jin tsoro kafin mu tafi, dan duk wadda ta taɓa yawo a Ailan ta san yadda azahar da la'asar ke kuɓucewa a cikin goslo. Malam kuwa ya saka ta cikin lissafi, ya zo da tabarmi da butoci da jarkokin ruwa a but, azahar kuma ya kai mu babban masallacin Lekki Phase 1, akwai ɓangaren mata da wurin alwala mai kyau. Wannan kaɗai ya isa in sake ba shi kuɗina, ba wani mai shirya yawo a garin nan da zai tsayar da mota dan ki yi salla sai namu.

Abinci wata baiwar Allah ce 'yar Agege ta dafa, dafa-duka da kaza da soyayyar ayaba, ga zobo da kunun aya masu sanyi a kula. Daɗi kam akwai, yaji daidai yara, kazar ba irin ta kanti mai laushin banza ba. A manyan kuloli aka zo da shi ana zubawa a faranti, tunda gwamnatin Legas ta hana farin takeaway ɗin nan tun Janairun 2024, kuma hakan ya fi ma dan da zafinsa muka ci. Inda aka gaza shi ne ruwan sha, ya ƙare tun kafin la'asar, hunturun Legas kuwa suna ne kawai, ɗan hazo da safe, rana na yi zafi ya dawo da gumi, yara sai ruwa suke nema, dole muka riƙa saye a hannun masu talla a farashin Lekki.

Toh yanzu ga inda ni da Malam muka raba gari. A takardar da ya turo a guruf wurare huɗu ya lissafa a wuni ɗaya, dajin birai, bakin teku, babban kanti, sannan fitilun Kirsimeti na Victoria Island da daddare. Taura biyu ma ba ta taunuwa balle huɗu. Duk wanda ya san titin Lekki zuwa Epe a makon Kirsimeti ya san ba a yi masa alƙawari, hanya ɗaya ce kowa ita yake bi, ga masu biki ga masu zuwa kiɗa ga baƙin da suka zo da motocin haya, mun fito daga masallaci muka shiga goslo tun yara na waƙa har suka yi barci har suka farka suka fara kuka. Da muka isa bakin tekun rana ta yi sanyi, wurin ya cika maƙil, kiɗa kamar zai fasa kunne, kuma irin mutanen da aka gudo dan kar yara su gani su ne suka fi yawa a daidai wannan lokacin. Bakin tekun Legas yanzu ba kamar da ba ne da kowa zai gangara Bar Beach kyauta, ita an cike ta an yi Eko Atlantic, wasu kuma aikin titin gaɓar teku na Legas zuwa Kalaba da aka fara a 2024 ya ci su, sauran da suka rage duk da geti da kuɗin shiga, shi ya sa jama'a ke taruwa wuri ɗaya. An biya mana kuɗin shiga cikakke, amma ko awa ɗaya ba mu yi ba aka ce a hau mota. Yara sun taɓa ruwa da ƙafa sun ɗebi yashi a gora, shikenan. Kuma a nan sai kin sa ido sosai, igiyar ruwan nan ba ta wasa, 'yan mata biyu ba za su iya tsare yara sama da ashirin a bakin teku ba, kowace uwa ta riƙe nata.

Kantin dai ba a je ba, kuma ba a ce uffan a kan ko za a rage wani abu daga kuɗin ba. Ba wai kuɗin shiga ake biya a kanti ba, na sani, amma abin da aka rubuta aka karɓi kuɗi a kansa in bai samu ba ko haƙuri a bayar a guruf. Da na yi masa magana washegari ya ce "Maman yara wallahi hanya ce ta ci mu, ku yafe mu," na ce Malam na yafe amma hanyar nan ba bana ta fara ba, kai za ka gina tsarinka a kanta.

Fitilun titin Ajose Adeogun da bankin Zenith ke ƙawatawa duk shekara, su kam mun gan su, kuma sun yi kyau ba laifi, titin gaba ɗaya da shataletalen sun koma kala-kala, Baba direba ya bi a hankali aka buɗe tagogi, yaran da suka yi laushi duk suka wartsake. Magariba da isha a Obalende aka haɗa, nan kam gida ne, Hausa ake ta ko'ina, Malam ya sayo tsire da kilishi da kuɗin aljihunsa ya raba a mota, ina jin na wanke laifi ne, kuma tsiren ya wanke kusan rabi. Mun shigo Agege sha ɗaya ta wuce, alhali tara aka ce wa mazajenmu, wayoyi sai ƙara suke tun daga Oworonshoki. Wadda mijinta ke da tsanani ta faɗa masa gaskiya tun farko cewa tara ɗin nan ta baki ce.

Da Malam zai ji tawa, ya raba tafiyar gida biyu. Rana ɗaya dajin birai da masallaci da fitilu. Wata ranar teku kaɗai, a isa tun tara na safe kafin 'yan shagali su farka, a bar wurin da azahar. Sannan ya daina jiran kowa, bakwai ta yi a tada mota, sau ɗaya zai yi hakan mu shiryu. Kuma tunda jirgin ƙasa na Red Line ya fara ɗaukar fasinja a Oktoban 2024 ga tasha a nan Agege har Oyingbo, zai iya haɗa wata 'yar ƙaramar fita mai araha ta jirgi zalla ga waɗanda kuɗin kosta ya fi ƙarfinsu, katin Cowry da ake biyan kuɗin jirgin da shi kawai za a tanada, yara da yawa jirgin ma bai taɓa ɗaukarsu ba sai dai su ɗaga masa hannu in ya wuce.

In za ki rubuta suna ki zaɓi ranar da ke farkon hutu, tsakiyar mako, kar ki yarda da 24 zuwa 26 ga wata ko daren sabuwar shekara ko da ragi ya yi miki. Ki ɗauki ruwanki katan guda, kayan canji na yara, leda ta jiƙaƙƙun kaya, fawa bank, da tsabar kuɗi 'yan canji dan netwok na tiransifa yakan ƙi a wurin cunkoso. Mai jariri ɗan ƙasa da shekara ni dai ban ba ta shawara ba, zaman motar ya yi yawa. Malam ya ce akwai wata tafiyar a farkon Janairu kafin a koma makaranta, na ce ya sa sunana da na yara amma sai na ga jerin wuraren tukunna, in na ƙirga sun wuce biyu a cire ni.