Kafin Ka Saya Wa Ma'aikatanka Shirin Tallafi, Fara Kiran Lambar da Kanka

An tashi daga aiki, kowa ya watse, sai wata ma'aikaciya ɗaya da ta rage a kan kujerarta, kwamfutarta a kashe. A hannunta akwai ɗan kati mai lambar waya da aka raba musu tun farkon shekara, aka ce duk wanda abu ya sha masa kai ya kira, kyauta ne, kuma ba mai ji. Bashi ya yi mata katutu, aurenta na tangal-tangal, wata biyu ke nan rabonta da barcin kirki. Ta danna lambar, ta goge, ta sake dannawa. Abu ɗaya ke kai-komo a zuciyarta: in na buɗe cikina, oga zai ji?

Duk mai kamfani ko shugaban sashen kula da ma'aikata da ke shirin sayen shirin tallafa wa ma'aikata, wanda ake kira EAP a taƙaice, ina so ya ajiye wannan matar a ransa tun kafin ya buɗe takardun 'yan kwangila. Kai ne za ka sa hannu ka biya, amma ita ce za ta kira, kuma a ranar da ta fi kowace rana rauni. Abin da ya burge ka a takarda ba lallai ya zama abin da zai sa ta bar wayar ta yi ƙara ba.

Tsoron nata yana da asali. Wannan tsari ya faro ne a Amurka a shekarun 1940, lokacin da manyan kamfanoni irin su DuPont da Eastman Kodak suka fara neman hanyar ceto ma'aikatan da giya ta lalata wa aiki, maimakon a sallame su. A 1970 aka yi dokar da ake kira da sunan Sanata Harold Hughes, wanda shi kansa ya taɓa fama da shan giya ya daina, dokar ta kafa cibiyar gwamnati mai kula da matsalar, daga nan shirye-shiryen suka bazu. Ƙungiyar masu wannan sana'a da aka kafa a 1971 ta koma amsa sunan EAPA a 1989, saboda a lokacin aikin ya riga ya wuce batun giya, ya haɗa da aure, bashi, rasuwa, ciwon damuwa da rikicin shari'a. To a wancan zamanin na farko, yawanci shugaba ne ke lura aikin mutum ya ja baya ya tura shi. Shi ya sa har yau ma'aikata da yawa ke kallon shirin a matsayin idon hukumar kamfani.

Abin da ake saye a yau kusan iri ɗaya ne a ko'ina: layin waya da ke buɗe dare da rana, tantance matsalar mutum, zama kaɗan da ƙwararren mai ba da shawara, galibi daga uku zuwa takwas, sannan a miƙa shi ga likita ko wata cibiya in abin ya fi ƙarfin gajeren zama. Da yawa suna haɗawa da shawarar lauya da ta harkar kuɗi, kuma suna karɓar iyalin ma'aikaci. Dalilin da ya sa kamfanoni ke zuba kuɗi a ciki kuwa a fili yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon damuwa da fargaba suna cinye ranakun aiki biliyan 12 a kowace shekara, asarar da ta kai dala tiriliyan ɗaya.

Cikin nau'o'in shirin da za ka iya ɗauka, zaɓi na farko shi ne na cikin gida, wato kamfani ya ɗauki mai ba da shawara aiki, ya ba shi ofis. Alherinsa babba ne. Mutumin ya san wurin ciki da bai, ya san sashen da ake aikin dare, ya san watan da aiki ke yin yawa, in ma'aikaci ya ce "sun sake canza mana jadawali" ba sai ya yi dogon bayani ba. Shugabannin sassa ma suna samun wanda za su tambaya kafin su yi wa ma'aikaci magana mai nauyi. Amma albashinsa daga aljihun kamfani yake fitowa, kuma ƙofarsa tana da masu kallo. Na taɓa aiki a wani wuri da aka ajiye irin wannan ofis daura da na shugaban ma'aikata, ƙofa na kallon ƙofa, ga tagar gilashi ba labule. Matar da aka ɗauka ta san aikinta, mai riƙon amana ce, amma sai ta wuni tana jera takardu. Mutane sun gwammace su tare ta a wurin ajiye motoci su yi mata raɗa a tsaye. Abin ya daɗe yana yi mini ciwo, don na san waɗanda suke bukatarta. Wannan zaɓi ya dace da manyan wurare, asibitoci, jami'o'i, masana'antu masu dubban ma'aikata a waje ɗaya, da sharaɗin a ba shi ofis nesa da idon jama'a, kuma fayilolinsa kada su haɗu da na sashen kula da ma'aikata.

Na biyu, wanda ya fi yawa a kasuwa, shi ne a ba wani kamfani na waje kwangila. Akwai manya da ke aiki a ƙasashe da dama, irin su ComPsych, Optum da TELUS Health, akwai kuma ƙanana na yanki. Nisan da ke tsakaninsu da ofishinka shi ne jarinsu, don ma'aikaci ya fi sakin jiki da muryar da ba zai haɗu da ita a taron safe ba. Suna kuma iya kula da rassa da ke warwatse. Sai dai mafi yawansu ba su da masu ba da shawarar a matsayin ma'aikatansu na dindindin, suna da jerin ƙwararru ne masu zaman kansu da suke tura wa mutane. Jerin yana iya yin tsawo a takarda alhali rabinsu ba su da gurbi sai bayan wata guda.

A nan ne ya kamata ka fahimci yadda kuɗin ke tafiya, don shi ke juya halin ɗan kwangila. Yawanci ana biya ne a kan kowane ma'aikaci a wata, ko ya kira ko bai kira ba. Ke nan duk zaman da aka yi, ragi ne daga ribarsu. Ban ce duk suna cin amana ba, amma tsarin yana jan su zuwa ga kashe magana a kira ɗaya, ko tura mutum ya karanta wani abu a manhaja, maimakon haɗa shi da ƙwararre. In an juya tsarin, aka ce sai an yi zama za a biya, kai ne kuma za ka fara jin nauyin kowane kira, kasafinka ba zai tsaya wuri ɗaya ba. Kowanne ka ɗauka, ka nemi a rubuta a yarjejeniya kwana nawa ne iyakar jira tsakanin kiran farko da zaman farko, da abin da zai biyo baya in an saɓa. Ka kuma tambaya ko adadin zaman da aka yi alkawari, a ce shida, na kowace matsala ne ko na shekara gaba ɗaya. Wanda ya rasa mahaifiyarsa a farkon shekara, sannan aurensa ya mutu a ƙarshenta, wannan bambancin a kansa zai ƙare.

Akwai kuma shirin da ake cusawa cikin inshorar lafiya ko ta rai a ce kyauta ne. Araha ba ta ado. Sau da yawa lambar waya ce kawai da zama biyu ko uku, ba horar da shugabanni, ba rahoton kirki, ba wanda zai zo ya gabatar da kansa ga ma'aikata. In abin da ƙarfinka ya kai ke nan, ka karɓa, ya fi babu, amma ka san me ke hannunka.

Sababbin shiga kasuwar su ne masu manhaja, irin su Lyra Health, Spring Health da Modern Health. Mutum zai shiga ta wayarsa, ya amsa tambayoyi, ya ga hotunan ƙwararru da ranakun da suke da gurbi, ya zaɓa da kansa, a yi zama ta bidiyo. Saurin yana da daɗi, kuma yawan zaman kan fi na tsohon tsari, sai dai tsadar ma ta fi. Ya dace da masu aikin ofis da ke manne da waya da intanet. Direban babbar mota, ko mai gadi, ko dattijon da bai saba rubuta damuwarsa a allo ba, shi murya yake so. Sannan manhaja tana tara bayanai masu nauyi, don haka ka tambayi inda ake ajiye su, wa ke iya gani, ko ana ba masu talla wani abu daga ciki, da kuma dokar kare bayanai da suke ƙarƙashinta.

Ƙananan kamfanoni kan haɗa kai su sayi kwangila ɗaya su raba kuɗin, kuma dabara ce mai kyau. Wasu ƙungiyoyin ƙwadago su ma suna horar da 'yan uwansu ma'aikata su zama masu saurare da nuna hanya, kamar yadda aka daɗe ana yi tsakanin matuƙan jirgin sama da masu kashe gobara. Mutum ya fi yarda da wanda ya ɗanɗani irin aikinsa. Amma abokin aiki ba likita ba ne, dole a samu ƙwararre a bayansa.

Mu koma ga tambayar matar nan. Shiri na gaskiya ba ya ba kamfani sunan wanda ya kira, sai alƙaluma a dunƙule: mutum nawa suka kira, kashi nawa kan kuɗi, kashi nawa kan iyali. Amma ko alƙaluma suna iya tona asiri. In rahoto ya ce mace ɗaya daga sashen lissafi ta kira kan rikicin aure, kuma mata biyu ne a sashen, an gama. Ka nemi ɗan kwangila ya nuna maka samfurin rahotonsa, ka tambaye shi mafi ƙarancin adadin da ba ya rarraba bayani ƙasa da shi. In ka ce masa "zan so in riƙa sanin waɗanda suka kira" ya amsa da "za mu duba", to ka rufe fayil ɗinsa nan take. Rufin asirin yana da iyaka da ya kamata a faɗa wa ma'aikata tun farko: in akwai haɗari ga ran mutum ko na wani, ko cutar da yaro, ko umarnin kotu. In kuma shugaba ne ya tura ma'aikaci a hukumance saboda aikinsa ya lalace, abin da zai koma masa, da izinin ma'aikacin a rubuce, shi ne ya je ko bai je ba. Abin da aka tattauna ba nasa ba ne.

Yawan masu amfani da irin waɗannan shirye-shirye a wurare da dama bai kai kashi goma cikin ɗari a shekara ba, shi ya sa kwatanta farashi kaɗai ke yaudara. Ɗauki kamfani mai ma'aikata 500. Shiri mai araha da mutum 10 suka amfana da shi, da wani mai ninkin kuɗinsa da mutum 50 suka amfana, na biyun ya fi sauƙi nesa ba kusa ba in aka raba kuɗin a kan kowane mutum. Amma ka tambayi me suke ƙirgawa a matsayin amfani. Wasu har buɗe shafinsu na intanet da halartar lacca suke haɗawa don adadin ya kumbura. Abin da kake so shi ne mutum nawa suka zauna da ƙwararre, kuma me ya canza. Akwai ma'auni da aka sani a sana'ar, Workplace Outcome Suite, da ke duba fashin aiki, zuwa aiki jiki na nan hankali ba ya nan, da ƙuncin da mutum ke ji game da wurin aikinsa, kafin zama da bayansa. Mai aunawa da irinsa ya fi mai kawo maka kalaman yabo.

Gani ya kori ji. Ka nemi izinin gwada layin, ka kira da ƙarfe biyun dare ranar hutu. Ka ƙirga sau nawa ta yi ƙara. Na'ura ce ta ɗauka tana cewa danna ɗaya danna biyu, ko mutum? In mutum ne, ƙwararre ne ko mai rubuta suna ya ce za a neme ka? Ka ce masa ba ka iya barci, ka ji ko zai tambaye ka kana cikin haɗari. Ka kuma gwada magana da harshen da ma'aikatanka suke yi a gida, don mutum yana iya yin aiki da harshe na biyu, amma kuka da na uwa ake yi. Minti goma na wannan kiran sun fi awa biyu na jawabin ɗan talla.

Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka ka tambayi abin da za su yi in hatsari ya faru a wurin aiki ko abokin aiki ya rasu kwatsam, da awa nawa za su ɗauka kafin su iso. In suka ce za su tara kowa a ɗaki ɗaya a sa shi ya maimaita abin da ya gani dalla-dalla, ka ja baya. Bincike bai nuna irin wannan zama na sau ɗaya yana hana ciwon firgici ba, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a yi shi. Abin da ake so shi ne a kwantar wa mutane da hankali, a biya bukatunsu na nan take, a bar ƙofa a buɗe, a sa ido kan waɗanda abin bai sake su ba bayan makonni.

Akwai abin da ba ɗan kwangilar da zai iya sayar maka. A 2024 William Fleming na Jami'ar Oxford ya fitar da bincike kan ma'aikata sama da 46,000 a Birtaniya, ya gano cewa waɗanda suka shiga horon jure wahala, darussan rage gajiyar zuciya da manhajojin walwala ba su fi waɗanda ba su shiga ba. In aiki ya yi wa mutane yawa, albashi na makara, ko shugaba na wulaƙanta su, zama shida ba zai gyara ba. Shi ya sa nake fifita ɗan kwangilar da zai iya kallon idonka ya ce kiraye-kirayen bana sun karkata ga nauyin aiki, ba tare da ya kama suna ba.

In ni ne mai zaɓe a kamfani matsakaici, na waje zan ɗauka, wanda mutum ke amsa wayarsa kuma yake da zaman ido da ido da na bidiyo, in ƙara da mutum ɗaya a cikin gida da zai riƙa bin kwangilar yana tunatar da ma'aikata. Babban kamfani ya haɗa biyun, ƙwararre a gida da layi a waje, kowa ya bi ƙofar da ta fi kwanta masa. Kwangilar farko kada ta wuce shekara ɗaya ko biyu, kuma a rubuta a ciki cewa in kun rabu, duk wanda yake tsakiyar zamansa za a bar shi ya ƙarasa da wanda ya fara.