Kwana uku a tanti da iyali: Mara, Akagera ko Yankari?

Magidancin da ke Abuja ko Jos, in ya ƙudurta kai iyali kallon namun daji su kwana a tanti, wurare huɗu ne sukan faɗo masa a rai: Yankari, Serengeti a Tanzaniya, Akagera a Ruwanda, da Masai Mara a Kenya.

Yankari tamu ce, kuma ita ce mafi sauƙin aljihu. Daga Jos a bi ta Bauchi, a kama hanyar Gombe, a karya a Dindima. Ruwan Wikki kaɗai ya isa a je dominsa. Sai dai ɗakuna ne a can ba tantuna ba, ganin giwa sai an taki sa'a, zaki kuwa kada a yi wa yara alkawarinsa. Serengeti ta yi wa kwana uku faɗi, rabin lokacin a mota zai ƙare. Akagera akwai tsari, an dawo mata da zakuna a 2015, karkanda a 2017, amma dabbobinta ba su kama ƙafar na Mara ba, ga tsando a wasu sassan.

Saura Mara, kuma a nan ake yin kuskure, domin sunan ɗaya ne amma masaukan iri uku ne. Akwai na bakin ƙofar gandun dajin, wajen Talek da Sekenani, masu araha. Akwai na cikin gandun gwamnati. Akwai kuma na filayen da ke makwabtaka da gandun, irin su Naboisho, Olare Motorogi da Mara North, inda ake biyan Masai masu ƙasar kuɗin haya. Na ukun nan shi ne na mai iyali. A can an ƙayyade yawan motocin da za su taru kan dabba ɗaya, don haka yaro zai kalli damisa a kan itace ba tare da motoci ashirin sun tare masa gaba ba. Ana fita da dare da fitila, abin da aka hana a cikin gandun gwamnati. Tantin kansa ɗaki ne sosai: gado, tagogi masu raga, bayan gida a ciki, wutar sola. A wasu sansanonin ruwan wanka a bokiti ake rataya shi sama, sai an sanar da ma'aikata kafin su ɗumama. Bayan magariba ba mai fita shi kaɗai, sai mai gadi ya raka shi, saboda yawancinsu ba shinge. Ɓauna ko dorina kan yi kiwo a gindin tanti.

Wannan rashin shingen ne ya sa wasu sansanonin ba sa karɓar ƙananan yara. A tambayi iyakar shekarun tun kafin a sayi tikitin jirgi. A kuma nemi tantin iyali mai ɗakuna biyu a haɗe. In aka ba ku tantuna biyu a rabe, to dole uwargida ta kwana da wasu yaran, maigida da wasu, don ba a barin yara su kaɗai cikin dare.

Daga Yuli zuwa Oktoba ne garkunan dabbar da mutanen can ke kira nyumbu, mai kama da gwanki, ke tsallako kogin Mara daga Serengeti. Wannan ya yi daidai da dogon hutun makaranta, kuma lokacin ne farashin komai ke tashi. A tsarin da ya fara aiki a 2024, kuɗin shiga gandun gwamnati ga babban mutum baƙo dala 200 ne a yini daga Yuli zuwa Disamba, dala 100 daga Janairu zuwa Yuni. Janairu da Fabrairu sun fi dacewa da mai lissafi. Zakunan suna nan ba inda suke zuwa. Afrilu da Mayu ruwa ne da taɓo.

Daga Nairobi ƙaramin jirgi ke tashi a filin Wilson, ƙasa da awa ɗaya, amma kilo 15 kacal ake ba kowa, a jaka mai laushi, ba akwatin da muka saba ja ba. Ta mota awa biyar zuwa shida ne, ta Narok. A tafi da katin rigakafin shawara, da maganin sauro, da rigunan sanyi: ƙarfe shida na safe a buɗaɗɗiyar mota, sanyin kamar na Jos ne a tsakiyar hunturu. Maganar abincin halal a rubuta ta tun wajen kama wuri, har da cewa kada a soya ƙwan yara a kaskon naman alade.

'Yan damfara kuwa sun yi yawa a harkar nan. Sukan kwashi hotunan sansani na gaske, su buɗe shafi a Instagram ko Facebook, su sa farashin da ya kasa na kowa, sannan su ce a turo kafin alƙalami cikin gaggawa "kafin wani ya kama". Asusun da ke ɗauke da sunan mutum maimakon na kamfani, a guje shi. A duba ko dillalin yana cikin ƙungiyar KATO ta masu shirya yawon buɗe ido a Kenya, sannan a tuntuɓi sansanin kai tsaye ta adireshin da ke shafinsa, a tabbatar sunanku na cikin littafinsu a ranakun da aka faɗa.

Akwai kuma cutar da ba ta kai sata ba amma tana ƙona rai. A ce "a cikin Mara", alhali masaukin yana bayan gari kusa da garken shanu, tantin kuma tsohon tamfol ne a ƙarƙashin rufin kwano. A nemi a turo wurin a taswirar Google. A ce "komai a ciki", sai an isa ƙofa a tarar ba a biya kuɗin shiga ba. Ko mai kwana a Naboisho, ranar da zai shiga gandun gwamnati kallon tsallake kogi, kuɗinta daban ne. A sa su rubuta sunan sansani, yawan fita a rana, kuɗin ƙofa, da irin mota: Land Cruiser ce ko ƙaramar bas mai buɗe rufi, ta ku kaɗai ce ko za a haɗa ku da baƙi. In za a haɗa ku, ranar da autan gida ya gaji ya fara kuka, ba mai juya mota dominsa.