Wata shida da na'urar auna ƙyallin haske a labonmu na Yamai

Tun watan Nuwamba nake amfani da wannan na'ura wajen auna motsin maiƙon da ke cikin tantanin jajayen ƙwayoyin jini, kuma tun da ta ga hunturu ta ga bazara, zan iya faɗin halinta.

Hanyar da muke bi ita ce wadda masana kimiyya Shinitzky da Barenholz suka yaɗa a 1974. Ana ɗiga wa samfurin sinadarin DPH, mai ƙyalli idan aka haska shi, ya kutsa tsakanin wutsiyoyin maiƙon, sannan na'urar ta haska shi da tataccen haske mai kaɗawa ta fuska guda, mai tsawon zangon nanomita 360, ta karɓi ƙyallin da ya mayar wajen nanomita 430, ta fitar da adadin da ke nuna yadda maiƙon ya hana sinadarin juyawa. Idan maiƙon ya sandare, sinadarin ba ya samun sararin juyawa, sai adadin ya doshi 0.4, wanda shi ne iyakarsa. Idan ya narke kuwa, adadin ya faɗo. Na jarraba ta da wani maiƙo mai suna DPPC, wanda aka san yana narkewa a digiri 41, kuma a daidai wurin adadin ya rikito daga wajen 0.35 zuwa kusan 0.1. A nan ba ni da abin cewa sai yabo.

Sai dai digiri 41 ai zafin la'asar ne a Yamai cikin Afrilu. Mai sayarwar ya turo na'urar ba tare da mazaunin da ruwa ke zagayawa yana daidaita zafin samfuri ba, ya ce kuɗinsa daban ne, kuma kafin mazaunin ya iso duk ranar da aka ɗauke wuta ɗakin ya ɗumame, sakamakon safe da na yamma ba su taɓa haɗuwa ba. Ga fitilarta da ke neman rabin awa kafin haskenta ya tsaya bayan kowace kunnawa. Wanda zai saya a ƙasar nan ya haɗa da mazaunin da batir tun farko.

Wani laifin nawa ne: sinadarin da ke sa jini ja yana shanye haske wajen nanomita 415, kusa da ƙyallin da na'urar ke karɓa, don haka sai an wanke tantanin har ya yi fari fat a gindin kwalba.

Abin da na'urar take aunawa juyin sinadarin ne a inda yake tsaye. Mai son sanin saurin tafiyar maiƙo a faɗin tantani, wanda bai wuce kimanin murabba'in maikuromita 1 a daƙiƙa ba, dabarar FRAP (a dusashe ƙyallin ɗan wuri da haske mai ƙarfi, a ga saurin dawowarsa) da madubin ƙara girma yake bukata.